Ranar da Masu Fashin Salla Suka Hau Hasida

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma bai kai ga ranar da na hau bayan hasida ba. Hasida ita ce ƙatuwar motar girbin nan da ke yanka, ta sussuke, ta sheƙe, ta zuba tsaba a buhu duk a tafiya ɗaya. Ku 'yan yanzu kun saba da ita. Mu a lokacin daga nesa muke kallonta.

A farkon shekarun casa'in ne, azumin da ya faɗo cikin Maris, lokacin da gwamnati ta matsa sai an shuka alkama. Mu Hausawan Gadarif dawa da riɗi muka sani. Aka kwaso mu a lori daga kasuwa zuwa gonakin ban-ruwa na wajen Fao. Ni aikina a ƙasa yake. Ina zaune a kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, ina yi wa tsofaffin buhuna faci da basilla.

Ga yadda tsarin yake. A sama akwai wakili, mai tsaya wa mai mota. Sai direba. Sai mutum uku a kan dandamalin da ke bayan direba: ɗaya ya tara buhu a bakin mazubi, ɗaya ya ɗinke, ɗaya ya tura ƙasa. In ɗinki ya tsaya, mota ta tsaya, ko da injinta lafiya lau. Kowane manomi yana da hawasha, wato yankin gonarsa, kuma bi da bi ake girbe su. Kawu Idi, Bahaushe ɗaya tilo da ya samu hawasha a layin, shi aka bari ƙarshe. Ba sai na gaya muku dalili ba, baƙi ake ɗaukar mu a ƙasar.

Alkama kuwa ba dawa ba ce. In ta bushe ba ta jiran kowa, iska kaɗan sai ta zube ƙasa. Ga shi washegari da asuba motar za ta wuce wani yanki, ba kuma za ta dawo ba. Ko a girbe wa Kawu Idi ranar, ko noman shekararsa ya zama na tsuntsaye.

Kafin azahar mai ɗinki ya yanke jiki ya faɗi. Ƙaiƙayi ya cika masa maƙogwaro, rana a ka, zafin inji a ƙafa, ba halin kurɓar ruwa. Wanda ya canje shi bai daɗe ba shi ma aka sauko da shi. Malamai sun ce mai irin wannan aiki yana iya sha ya rama. To amma a shekarun nan wa zai ɗaga gora da rana tsaka, ga mutumin lajna yana kallo? Lajna su ne kwamitin da ke sa wa mutane ido, nasu kuma a wurin shi ne Ustaz Abdulbagi, kullum yana gindin bishiya da babur ɗinsa.

Wakili Usman ya ce halas, wato shi ke nan, a kashe mota. Kawu Idi ya zauna a kan kunya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Da ma ya yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Na je na ce wa wakili ni zan hau. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ya Zulai, inda maza suka faɗi? Ustaz ya taso ya ce bai halatta mace ta cuɗanya da maza a kan mota ba. Na miƙa masa basilla na ce to bismilla, ya hau. Bai karɓa ba. Sai ya ce ai ni ma faɗuwa zan yi, tunda ƙishin azumi bai san mace ba.

"Ustaz, ba na azumi," na ce. "Fashin salla nake."

Direba ya sunkuyar da kai kamar ya ga wani abu a tayar mota. Ustaz ya kau da fuska yana astagfirullah, ya ce irin wannan magana ba a faɗar ta a gaban maza.

"Allah ne ya ba ni hutun, ba lajna ba. In da laifi a ciki ka buɗe littafinka ka nuna mini."

Game da cuɗanya kuwa, na ce a sauko da mazan duka, a bar mana dandamalin mu kaɗai, direba ai gabansa yake kallo. Wakili ya yi murmushi ya ce in na samo mata biyu, tayyib, ya yarda.

Nan ne aikin ya fi wuya. Na koma kambo na ce duk mai fashin salla ta fito. Ba wadda ta motsa. Kun san mu. Mace ba ta azumi amma ta tashi sahur, ta yini tana lasar leɓe don kada ƙanin miji ya gane. Na ce kada su raina mini hankali, bakin kwata ɗaya muke wanki, na san wa da wa. Na ce matar Kawu Idi ce ta wanke wa rabinsu jego, yau kuma kunya za ta sa su bar gidanta da yunwa. Sai Ta-Makka ta miƙe tana zagina. Asabe ta biyo ta, ta rufe fuska da mayafi.

Muka ɗaure mayafanmu tamau a ƙugu saboda bel ɗin inji, muka hau. Buhun farko na ɗinka shi irin na ƙasa, a tsanake, kafin in gama, na biyu ya cika ya yi ambaliya. Na uku ya fashe da ya sha ƙasa. A na huɗu na gano abin: a kama kunnen buhu, a soka shida manya, a naɗe ɗaya kunnen, a ture. Ba a kwalliya a kan mota. Asabe tana tarawa, ina ɗinki, Ta-Makka tana turawa da ƙafa tana kirari. Da maƙogwaro ya bushe na ɗaga gora na sha, a sama, kowa yana gani. Da muka zagayo kusa da bishiya Ta-Makka ta ɗaga tata ta ce, "Ustaz, ka yi haƙuri, kai sai magariba." Ya hau babur ya tafi.

Rana ta yi ja muka yanke layin ƙarshe. Yatsuna duk jini, idona kamar an zuba barkono. Na waiga na ga buhuna zube tun daga wannan kunya har waccan. Kawu Idi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafa kowanne. Da ya iso gindin mota ya ɗaga kai, ya kasa kallon idona don kunya, ya ce wa ƙarfen motar, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Na ce amin a madadinta.

Abin da na koya ke nan. Mota komai girmanta, a bakin basilla take tsayawa. Mutanen wannan aiki kuwa sun gwammace su suma da a ce sun gaza, sun gwammace a yi asara da a ji sirrinsu. In kuka ga aiki ya tsaya alhali inji lafiyarsa lau, ku bar kwance ƙarafa. Ku nemo abin da kowa ya sani amma aka rasa mai faɗa, ku faɗe shi.