Mutumin da Muka Ɓoye a Bayan Jif

Wata huɗu na yi ina fushi da maigidana a kan mota. A unguwar Nassarawa ta Kano muke zaune a lokacin, a gidan gwamnati mai darbejiya uku da mangwaro ɗaya da bai taɓa yin 'ya'yan kirki ba. Ni ina koyarwa a firamaren 'yan mata, shi yana aikin haƙa rijiyoyi a ƙauyuka. Shekarun da kuɗin mai ya shigo ne, kowa a layinmu ya sauya mota. Maƙwabcinmu na dama ya kawo wata doguwa baƙa mai sheƙi, na hagu ya kawo fara. Shi kuwa nawa, Allah ya shirye shi, sai ya sayar da 'yar ƙaramar motata da nake zuwa makaranta da ita, ya shigo mana da jif mai shan gas, koriya, mai rufin tamfol, da benci biyu a baya suna kallon juna.

Idan za a tashe ta da safe sai an danna wani maɓalli an riƙe, an ƙirga ashirin, kafin ta yarda ta yi tari. Daga nan sai ƙara da hayaƙi, har gadinan maƙwabta ya ajiye butar ban ruwa ya tsaya kallo. Ranar da ya fara sauke ni a ƙofar makaranta, sai da na tattare zane na diro kamar mai saukowa daga katanga, ɗalibaina suna leƙe ta taga.

"Malama," in ji shi, "wannan ita ce motar iyali. Waɗancan na maƙwabta, inda kwalta ta ƙare nan suka ƙare."

Na ce, "Ni a kan kwalta nake zaune."

Na rantse ba zan taɓa sitiyarinta ba, kuma na cika rantsuwata har damina ta yi tsakiya.

Abin da ya karya ni idon Inna ne. Ni 'yar fari ce a wurinta, kuma Inna irin matan nan ne da ba su ɗauki kunyar ɗan fari da wasa ba. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta rene ni a Gama, ita ta sa ni makaranta. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Idan na je ƙauye sai ta ce wa wanda ke kusa, "A ba baƙin Kano ruwa." Na san tana sona, don ba a taɓa barin na dawo ba tare da man shanu da daddawa ba, amma ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini ciwo. Mijina kuwa, daga zaure yake gaishe ta, wata ta kai gaisuwar, wata ta dawo da amsa.

A shekarar nan yanar ido ta rufe mata idanu biyu. Wani likitan ido da ya zagaya ƙauyukan gabas da Ringim ya duba ta, ya ce ana cirewa, ya rubuta mata ranar wata Talata a asibitin ido a Kano. Ya kuma ja kunne cewa idan aka bari damina ta wuce, ido ɗaya ba zai dawo ba. To hanyar garinmu da damina sai ta ratsa fadama, kuma babu motar da ke shiga sai irin tamu.

Ranar Alhamis maigidan ya ɗauki Gwaggo suka tafi ɗauko ta. Da yamma suka dawo, mota duk laka, babu Inna. Gwaggo ta zube a kujera tana fifita da mayafi.

"Uwarki ta ce gara ta zauna da makantarta da ta zauna ɗaki ɗaya da surukinta."

Na ce, "Gwaggo, ai mota ce, ba ɗaki ba."

"Haka na ce mata. Ta ce tana da rufi? Na ce tana da shi. Ta ce tana da ƙofa? Na ce har uku. Ta ce to ɗaki ne."

Dariya ta zo mini, kuka ma ya zo, na rasa wanda zan fara. Saura kwana biyar. Direban ofishin maigidan yana daji da masu haƙa rijiya, ba zai dawo ba sai bayan mako biyu. Muka roƙi direban maƙwabci, ya zo ya hau, ya ga sandar giya biyu maimakon ɗaya, ya tambayi hanyar da za a bi, sai ya sauko a hankali ya ce shi mai iyali ne.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na miƙa wa maigidan hannu na ce, "Ba ni makullin."

Bai yi dariya ba, kuma har yau ina gode masa da wannan.

Kwana uku yana koya mini a titunan unguwa kowace yamma. Sitiyarin kamar ana juya dutsen niƙa, kuloci kuwa sai na miƙe tsaye a kansa. Rana ta biyu na kwashe wa maƙwabcin hagu shingen fulawa, na shiga na ba matarsa haƙuri ina haki. Maigidan ya nuna mini ƙaramin giya mai jan kai, na shiga laka da yashi. Sannan ya durƙusa a gaban motar ya nuna mini wasu murafai biyu a tsakiyar tayoyin gaba.

"Kafin ki shiga laka, ki sauka ki murɗa waɗannan. In ba ki murɗa ba, ƙafafun gaba ba sa ja, ko kin sa ƙaramin giya."

Ya faɗa sau ɗaya, ya faɗa sau biyar. Na ce masa ni malama ce, sau ɗaya ake gaya mini abu.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Mace da tsofaffi biyu a fadama da damina, in wani abu ya faru fa? Gwaggo ce ta kawo dabara, tana tauna goro kamar ba komai ba. Ta ce, "Ai ba gani take ba. Ka shiga baya ka yi shiru, wa zai gaya mata?"

Na san Inna. Idan ta gane an yaudare ta an haɗa ta mota ɗaya da surukinta, ko a tsakiyar daji ne za ta buɗe ƙofa ta sauka, ta lalubi hanyar gida da ƙafa, kuma babu mai sake fito da ita. Amma ni ma ina tsoron fadamar nan, sai na yi shiru, shirun nan kuwa ya zama yarda.

Litinin da sassafe muka kama hanya. Na tuƙa har inda kwalta ta ƙare, na tuƙa burji, na ratsa fadama lafiya don ƙasa ta ɗan sha iska. A wata tsamiya da ke bayan gari muka sauke shi da lema da jarida, injiniya guda, ya zauna a kan saiwa kamar mai jiran motar kasuwa.

Da aka ga ni ce a kan sitiyari, gari ya fito. Inna ta fito riƙe da hannun Gwaggo, ta shafa jikin motar, ta shafa tamfol, sannan ta tambayi Gwaggo, "Yaya, ita wannan ta iya kuwa?" Gwaggo ta ce daga Kano ta kawo mu. Aka loda gero da kuka da kaji biyu a baya. Muna cikin sallama aka tsuge da ruwa, sai da muka jira kusan awa biyu ya ɗauke. Inna ta zauna a gaba ta jikin ƙofa, Gwaggo a tsakiyarmu.

A tsamiya na tsaya na ce bari in duba taya. Ya fito daga bayan itacen jiƙe sharkaf, takalmi a hannu, ya ɗaga tamfol ya hau a hankali. Motar ta ɗan nutsa ta baya, kaji suka yi kuka, Gwaggo ta ɓarke da tarin ƙarya. Na saci kallon Inna. Fuskarta na gaba, hannuwanta a kan cinya.

Fadamar da na ratsa da safe ba ita na tarar ba. Ruwa ya kwanta, hanyar ta zama kunu. Na yi bisimilla, na sa ƙaramin giya, na taka. Muka yi kamar taku ashirin, sai motar ta tsaya. Na ƙara wuta, tayoyin baya suka yi ta juyawa suna watsa laka, muna ƙara nutsewa. Murafan nan biyu da aka gaya mini sau biyar, ko kusa ba su zo mini a rai ba.

Na duba madubi, ga maigidan yana murɗa hannuwa biyu a iska, idanu waje. Na ɗauka cewa yake in juya sitiyari. Na juya dama, na juya hagu, muka ƙara zama daram. Ya dafe kai. Ya sake murɗa hannu, yana nuna gaba, bakinsa na motsi babu sauti. Ruwa ya kusa taɓa ƙofa, rana ta karkata, gobe Talata, kuma mutumin da ya san abin yi yana zaune taku biyu daga gare ni ba shi da ikon buɗe baki. Na kifa kai a kan sitiyari, hawaye suka zo.

Sai Inna ta yi gyaran murya. Ba ta juyo ba, gilashin gaba take fuskanta.

"Yaya, a gaya wa bawan Allahn da ke baya ya sauka ya taimaka. Tun daga tsamiya yake riƙe da tari, kada ya shiƙe a kaina."

Motar ta yi tsit, har kajin.

Gwaggo ta ce, "Wane bawan Allah kuma?"

"Ido ne ya tafi, Yaya, hancina yana nan. Turaren da ya shigo mini zaure da shi ranar Alhamis ne."

Na zuba wa hannunta ido, ina jiran ya kai ga mariƙin ƙofa. Sai ta ɗaga shi ta jawo mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Daga cikin mayafin ta ce, "Ni dai ban gan shi ba, ban kuma ji muryarsa ba. In an ci gaba a haka, ba ya cikin motar."

Gwaggo ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Maigidan ya diro cikin laka har gwiwa, ya zagayo gaba, ya cusa hannu cikin ruwa ya murɗa murfin dama, ya murɗa na hagu. Ya ɗago ya dube ni ta gilashi, ya ɗaga yatsu biyar. Na gane sarai abin da yake nufi. Ya bubbuga bonet sau biyu, na taka a hankali, sai na ji motar ta kama ƙasa da ƙafa huɗu, ta yi nishi, ta fito da mu kamar saniya ta fito daga rafi. A nan fushina da ita ya ƙare.

Har Kano bai ce uffan ba, mutumin da ko a barci yana magana. Tarin ma sai da na bi ta kan gada mai ƙara sannan ya sake shi. Ina tuƙi ina tunanin Inna, wadda ta san da shi tun daga tsamiya ta yi shiru. Tana son idonta, tana son kunyarta, ta kuwa samo hanyar da za ta riƙe duka biyun, mu da muke ganin mun yi mata wayo.

Aka yi aikin ranar Talata. Bayan kwanaki aka kira mu za a kwance bandeji. Gwaggo ta zauna a bakin gado, ni na tsaya a bakin ƙofa, inda na saba tsayawa duk ɗakin da Inna take. Likita ya kwance a hankali, ya ɗora mata wani tabarau mai kauri. Ta yi ta ƙifta ido. Ta dubi taga, ta dubi tafin hannunta, sannan ta dubi Gwaggo ta daɗe.

"Yaya, ashe haka kika tsufa?"

Gwaggo ta ce, "Ke ma bari a kawo miki madubi."

Muka yi dariya har da likitan. Inna ta juyo wajen ƙofa, ta yi saurin mayar da kai kamar yadda ta saba. Ta gyara bakin zane.

"Ina direbar?" in ji ta. "A ce ta matso in ga hannun da ya fito da mu daga laka."

Na tako na durƙusa a gaban gadon, na miƙa hannu. Ta kama shi da nata biyu tana jujjuyawa, tana cewa Gwaggo ashe sitiyari yana sa kanta. Amma ba hannun take kallo ba. Ta cikin tabarau mai kaurin nan idanunta sun yi manya-manya, kuma a kan fuskata suke, daga goshi har haɓa, ba ta sauri. Shekarata talatin da ɗaya a lokacin. Na tsaya cak ban motsa ba, don kada ta tuna ta kawar da kai.