Kitson da Inna Ta Tashi da Shi Rabi

Da daminar nan Allah ya karɓi ran mai kitson layinmu. Ciwon ƙoda ne ya shigo mata a ɓoye, kafin a gane ya ci ƙarfinta. Har yanzu mace in ta biyo ta gaban rumfarta sai ta rage tafiya, ta kalli 'yar kujerar da aka jingine a bango, sannan ta wuce tana gyara mayafi. A gidansu Auta ake ce mata, mu ƙawayenta ma haka muke kiranta, sauran jama'a kuwa Mai-kitso suka sani.

Rumfar ba wata babba ba ce. Kwano ne a kan itatuwa, tsakanin shagon tela da na mai cajin waya, sai tabarma, benci, 'yar kujera, gwangwanin man kitso, mataji da kibiyar tsaga. Madubinta kullum a kife yake, ba ta ba ki shi sai ta gama. Tana da sanyin hannu, yarinyar da ke tsala ihu a wurin wata mai kitson, a cinyar Auta barci take yi. Takan ce ita ƙeyar mutane ta sani, ba fuskarsu ba. In kin gaishe ta a kasuwa ba ta gane ki ba, to ki juya mata baya, nan take za ta tambayi yaranki ɗaya bayan ɗaya.

Sana'ar ta koya mata cewa mace in ta zauna a ƙasa ta ba ki baya, kanta na tsakanin gwiwoyinki, takan faɗi abin da ba za ta iya faɗa ido da ido ba. Auta ta ji sirrin rabin matan unguwa, ba a taɓa tsintar ko ɗaya a bakinta ba. Ita ma haka Allah ya yi ta. In kuna kallon juna sai wasa da dariya, magana mai nauyi kuwa sai hannunta na cikin gashi take iya fito da ita.

Mijinta kafinta ne, mutum mai shiru-shiru, kullum akwai garin katako a girarsa. Cikinsu na fari ya zo da wuri. Da naƙuda ta tashi, mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, ta zo ta zauna a kanta, ta ce haihuwar fari dama takan ja, a yi haƙuri. Aka yi ta haƙuri har ƙarfin Auta ya ƙare. Da aka kai ta asibiti, yaron bai zo da rai ba. Babu wanda ya ɗora wa wani laifi, Inna kuma ba ta ƙara ɗaga zancen ranar ba. Kafinta ya kwance ɗan gadon da ya ƙera, ya yi mata bencin rumfa da katakon.

Aka daɗe shiru kafin Allah ya sake kawo rabo. Wannan karon ba ta fasa zuwa awo ko sau ɗaya ba. Da cikin ya tsufa, ta zauna gaban likita, wata mace mai tabarau, ta tambaya ko za a iya yi mata aiki a ciro ɗan tun kafin naƙuda ta zo. Likitar ta ce lafiyarta ƙalau, za ta iya haihuwa da kanta a nan asibiti ana lura da ita. Ta kuma gaya mata cewa aiki ba wasa ba ne, akwai zubar jini, akwai ciwon ɗinki, za ta daɗe ba ta sunkuya a kan kowa ba, wataƙila haihuwar gaba ma sai an sake yi. Auta ta saurara har ƙarshe, ta koma gida ta yi ta juya maganar, ta dawo ta ce ta ji, kuma aikin take so. Ba zafin naƙuda ne ya dame ta ba. Jiran nan take tsoro, tana kwance ana ce mata saura kaɗan, alhali ba ta san halin da na cikin yake ciki ba. Aka tsayar mata da rana.

Kafinta bai ja ba. Ya ce cikin a jikinta yake, abin da hankalinta ya kwanta da shi ya yarda. Amma gaya wa Inna, wannan ta yi da kanta, don shi in Inna ta kalle shi guduma ma suɓucewa take daga hannunsa.

Inna ta haifi 'ya'yanta duka a ɗakinta, kuma ba ta gajiya da ba da labarin yadda ta haifi babbar yayarsu da safe ta share tsakar gida da yamma. Matan da aka yi wa aiki takan kira su ragwaye, ta ce an fiɗe su kamar kifi. Auta ba izini take nema ba, ta riga ta yanke. Abin da take so shi ne ranar da za a tura ta ɗakin tiyata, uwarta na tsaye a bakin ƙofa. Ta kuma san duk yadda ta jera maganar, Inna za ta ji kamar ana tuna mata waccan ranar ne. Sau nawa ta je gidan da niyyar faɗa, sai su haɗa ido, ta ɓige da tambayar ciwon gwiwar Inna, ta sha shayi ta dawo.

Ranar na ta matsowa, sai ta aika wa Inna cewa kitsonta ya tsufa, ta zo a sabunta kafin ciki ya hana ta zama. Inna ta zo da hantsi, rumfar babu kowa. Ta zauna a tabarma tana mitar cewa yaran yanzu ba su iya kama gashi ba, ta miƙa kai. Auta ta tsefe, ta taje, ta shafa mai, ta tsaga, ta kama ɓangaren dama ta yi shi ƙanana yadda Inna ke so. Dabararta ita ce, babu macen da ke tashi daga gaban mai kitso da kai rabi, don haka ko Inna ta fusata dole ta zauna ta ji sauran bayani. Sai da ta kai tsakiyar kai, yatsunta na aiki, ta buɗe baki.

“Inna, na ce a yi mini aiki. Ni na roƙa, ba su suka ce ba. An ma sa rana.”

Ta ji wuyan Inna ya sandare a tsakanin gwiwoyinta.

“Wani abu suka gani a cikin?”

“Ba su ga komai ba. Ni ce ba zan iya sake jira ba.”

Abin da Auta ta manta shi ne, a wurin wannan matar ta gaji taurin kai. Inna ta zare gashinta daga hannun 'yarta, ta dafa benci ta miƙe. Ɓangaren dama a kitse tsaf, hagu a tsefe ya yi tsaye, furfura ta baje. Ta ɗaura ɗankwali a kai, ta ce tunda an girma har ana sa ranar haihuwa kamar ranar karɓar ɗinki a wurin tela, to Allah ya ba da sa'a. Ta sa takalmi ta tafi, ko juyowa ba ta yi ba. Tela da ke leƙowa daga shagonsa ya koma ciki ya taka kekensa da ƙarfi.

Auta ta yi kuka ranar, amma ba ta koma asibiti ta ce a fasa ba. Ta ci gaba da haɗa kayan jariri a jaka, tana kitsa masu zuwa har sai bayanta ya gaji. Matan rumfa kowa da tata. Wannan ta ce ƙanwarta an yi mata tana nan garau, waccan ta ce ai wanda aka yanka ba ya komawa daidai. Auta takan danna kan mai maganar ƙasa a hankali ta ce ta daina motsi, tsaga na karkacewa.

A can gida kuwa Inna ta ƙi cire ɗankwali ko a ɗaka. Babbar yaya ta ce ta kawo ta ƙarasa mata, Inna ta ce tun da Auta ta iya riƙe kibiya babu wanda ya taɓa mata kai, ba kuma yau za a fara ba. Yaya ta ce to ta je wurin mai shi mana. Inna ta ce ita ba ta san hanyar asibitin da ake kitso ba. Ɗankwalin ya tasa ta hagu ya kwanta ta dama, jikoki na kallo suna guntse dariya.

Ana gobe za a kwantar da ita, da la'asar, Auta na zaune a rumfa ita kaɗai tana goge mataji, sai ga Inna. Ko gaisuwar kirki ba ta amsa ba. Ta zauna a tabarma, ta juya baya, ta zare ɗankwali.

“Ƙarasa mini abin nan. Ba zan shiga cikin likitoci da kai kamar sheƙar tsuntsu ba.”

Auta ta ɗauki kibiya. Gashin ya cukurkuɗe, sai da ta jiƙa shi da mai ta bi shi a hankali. Ta tsaga, ta kama ɓangaren hagu. Can Inna, fuskarta na kallon titi, ta tambaya da wata murya da Auta ba ta san ta da ita ba, ko za su bar ta ta tsaya kusa da ƙofar. Auta ta ce akwai benci a wurin. Inna ta ce ita ba zama za ta je yi ba. Sai ta miƙo hannu ta baya ta riƙe idon sawun 'yarta, ta ƙi saki har aka gama kitson. Da aka ba ta madubi ta ce na hagu bai kai na dama kyau ba.

Washegari da safe aka tura Auta a gadon nan mai taya. Kafinta ya kasa tsayawa wuri ɗaya, yana ta shafa ƙofofin asibiti yana duba yadda aka kafa su. Inna ta tsaya ƙyam a bakin ƙofa, leɓɓanta na motsi. Da nas ta fito da jaririya a naɗe cikin tawul ta miƙa mata, Inna ba ta ko kalli fuskar ba.

“Uwar fa?”

Nas ta ce lafiya lau, ana ɗinke ta. Sai a lokacin Inna ta karɓi jikarta, ta zauna a bencin da ta ce ba za ta zauna ba.

Kwanakin asibiti duk ita ta yi su. Ita ke tallafe Auta ta koya mata tafiya a barandar ɗakin masu haihuwa, tana yi mata faɗan ta daina dariya kada ɗinki ya buɗe. Wata rana surukar matar gadon kusa ta leƙo, ta ce ayya, ita ma wannan kasawa ta yi aka yanka ta? Auta na kwance ido a lumshe, ta ji uwarta ta gyara zama.

“Wa ya gaya miki kasawa ta yi? Mu muka zo da ƙafarmu muka zaɓi ranar.”

Auta ta danne cikinta da filo, hawaye na zuba, tana roƙon Inna don Allah ta yi shiru. Duk lokacin da ta ba da labarin nan a rumfa, a nan take tsayawa, ta saki gashin da ke hannunta ta yi dariya har ta share ido. Allah ya ji ƙanki Auta, ya raya abin da kika bari, ya ba Inna haƙurin rashinki.