Farautar Alhamis ta Malama Ramota

Malama Ramota Azeez haifaffiyar Sabon Gari ce, 'yar wani mai gyaran agogo. Shekararta goma sha tara tana koyar da 'yan aji biyar a wata firamare da ke Fagge. Gajeriya ce, ga saurin tafiya, kuma idan ta kafe a kan abu sai dai ka haƙura.

Ni na fara kai ƙararta wurin hedimasta, ranar da 'yata Ikhlas ta ce Malama na son aron wayata, wai za su yi farauta. Ashe duk Alhamis takan raba yara rukuni shida, kowane rukuni da wayar aro. Sai su ɗauki hoton wani abu a harabar makaranta a ɓoye, su siffanta shi a rubuce ba tare da ambaton sunansa ba, wani rukunin ya karanta ya je nema. Hoton shi ne shaida. Idan ba a gano abin ba, laifin mai rubutu ne.

Na ce wannan shiririta ce, karatu na turo 'yata yi. Hedimasta ya kira Malama, ta bar ni na gama faɗana tsaf, sannan ta roƙi in ba ta zango ɗaya. Na ba da wayar ina ƙunƙuni.

Bayan shekara yanar ido ta rufe mini gani. Sana'ata atamfa ce a Kantin Kwari, kuma masu sarina hoto suke turowa ta waya su ce irin wannan suke so. Sau biyu ina aika wa Hajiya Falmata ta Maiduguri zanen da ba shi ta nema ba. Ta ce in na sake, ta bar shagona, alhali ita ce rabin cinikina. Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta hana ni gaya wa kowa.

Wata Asabar Hajiya Falmata ta turo hoto, na ƙura wa wayar ido ina ta juya ta. Ikhlas ta karɓa ba ta tambaye ni komai ba.

"Baba, jikinsa ruwan toka ne mai duhu. Ganyaye uku-uku, na tsakiya ya karkata hagu, kowanne da siririn layin ruwan goro a bakinsa."

Nan take na gane shi, yana kan kanta ta uku daga ƙofar shagona. Haka muka yi wata biyar, ita da baki ni da ƙwaƙwalwa, har aka yi mini aikin ido. Hajiya Falmata ba ta taɓa sani ba.

Da na warke na je makarantar na yi wa Malama godiya. Ta yi murmushi tana tattara takardu.

"Alhaji Gana, wayarmu ɗaya ta lalace, kuma gobe Alhamis."

Na zaro tawa na ajiye a kan teburinta.