Shekarun da Na Zama Kunnen Baba

Wata safiya a daminar 1956, an kwana ana ruwa, na fito da tsintsiya zan share tsakar gidanmu a Fagge, sai na tarar da Baba tsugune gaban wani baƙin babur yana murɗa sukundireba. Injin sai tari yake yana atishawa kamar tsohon da mura ta kama, amma Baba ya gyaɗa kai, ya fara tattara kayan aiki, wai ya gama. Ni kuwa uwar surutu, ina 'yar shekara tara, na ce, "Baba, ai injin bai zauna ba!" Bai waiwayo ba. Sai da na zagayo gabansa na maimaita, ya zuba wa bakina ido. A ranar na gane zazzaɓin da ya kwantar da shi da bazara ya tafi da rabin jinsa, sauran ma yana bin baya.

Malam Bukar mai babur, haka ake kiransa. Rumfarsa tana Sabon Gari, shi da amininsa Oga Nnadi, wani Ibo mai gyaran taya da birki. Babura ba su da yawa a lokacin, sai na akawuna da malaman asibiti, yawanci tsofaffin da Turawa suka gaji da su. Ciwonsu ɗaya: da safe ka buga ka buga, in ya tashi ka murɗa totur sai ya shaƙe ya mutu. Baba ba ya taɓa irin wannan a rumfa. Cewa yake, "Ciwon sanyi da sanyi ake kama shi." Sai mai babur ya kawo shi gidanmu ya kwana, bayan sallar asuba Baba ya tashe shi yana sanyi ƙalau, ya saita kafireta da kunne. Da kunnen nan muke ci, da shi ake girmama shi.

Tun daga ranar aikina ya ƙaru. Kafin in ɗebo ruwa, kafin in hura wa Inna wutar koko, sai na tsuguna kusa da shi. Ya wanke 'yar kafar da mai ke bi, ya busa ta da baki, ya goge fulogi, ya ja cok, ya buga. In injin yana atishawa, iska ta yi yawa, sai in nuna ƙasa da yatsa. In ya yi nauyi yana fitar da baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa, in nuna sama. In ya zauna yana bugawa daidai, sai in dafa gwiwarsa. Ƙawayena suna can suna carafke a ƙofar gida, ni ina warin fetur, suna tsokanata wai amaryar babur. Ko a jikina! A duk Kano ba wanda ya san sirrinmu sai Inna da Oga Nnadi, shi kuwa a rumfa yakan yi caraf ya amsa wa mutane kafin su lura Baba bai ji ba.

Bayan shekara biyu aka ɗauke ni makarantar kwana ta 'yan mata. Inna ta ce atafau ba inda za ni, gidan nan da me zai tsaya? Ni ma na yi kuka har na shiɗe. Baba ya bari muka gama, sannan ya ce da ƙarfi, saboda ya daina jin muryar kansa, "Falmata, ba don babur Allah ya ba ki kunne ba." Shi ya ɗaure min akwati da hannunsa.

Da na dawo hutu, tsakar gida fayau. Inda babura ke kwana Inna ta baza shanyar kuɓewa. Ita ta gaya min Baba ya yi ta gwada saita inji da tafin hannu a kan tanki, yau ya dace, gobe a dawo da babur ana faɗa, har aka daina kawowa. Washegari da asuba Baba ya turo nasa tsohon babur daga zaure, ya yafito ni. Wayyo, daɗin da na ji! Na ɗauka aiki ne zai dawo. Na nuna ƙasa, na nuna sama, har injin ya zauna lafiya lau, na dafa gwiwarsa. Ya daɗe yana kallon injin, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Nnadi ya samo mai saye tuntuni, na ce a jira ki. Ba zan miƙa wa mutum abin da ban ji lafiyarsa ba." Na riƙe rigarsa ina cewa na fasa makarantar, wallahi na fasa. Ya kau da kai don kada ya ga bakina, ya hau, ya nufi Sabon Gari. A ƙafa ya dawo, bai kuma sake riƙe sukundireba ba har ya bar duniya.

Yau Fagge ba masaka tsinke saboda babura da adaidaita, yaro ya danna maɓalli ya wuce, ba mai tsayawa ya saurari inji. Karatun na yi shi, na koyar har na gaji, na aurar da jikoki. Yanzu nawa kunnen ya fara nauyi, yara suna magana ina bin leɓɓansu da ido, ina dariya inda na ga ana dariya. Sai yanzu na san irin shirun da ya zauna a ciki shi kaɗai don ni in tafi. Allah ya jiƙan Baba, ban taɓa tambayarsa yadda yake ji ba.