Inna Falmata da Ƙofar Bayan Gidan Lilo

Da zarar Sallah ta ƙarato, Inna Falmata ba ta zama. Da hantsi tana shagon teloli tana leƙen tulin kayan yara, daga nan sai wajen masu lalle, sai tasha ta ji labarin hanyar Miga da Jahun. Da wannan yawon take kirdadon jama'ar da za ta zo gidan lilon unguwarmu a Haɗeja, inda take aiki, mai wurin, Alhaji Badamasi, ya san masu gadin da zai ɗauka.

Shekarar da kogi ya cinye shinkafa, Babbar Sallah ta zo teloli na ta hamma. Kowa ya ce bana ba mai zuwa, har ita. Sai ta leƙa makarantar da aka sauke waɗanda ruwa ya koro, ta tarar da iyaye mata suna wanke tsofaffin rigunan yara, ana ta kitso. Ta komo da sauri, ta ce jama'a na nan tafe, a fasa katangar baya a yi ƙofa ta biyu. Alhaji ya yi ta gunaguni, amma ya kira magini.

Ranar Sallar ina wurin da 'yata Umaima. Kafin la'asar jama'a ta danne ƙofar gaba, ƙyauren ƙarfe na ƙara, yara na ihu. Hannun Umaima ya suɓuce daga nawa. Ina kiranta, ko muryata ba na ji. Wallahi na sadaƙar.

Inna, ke ce kika hau benci da gwiwoyinki masu ciwo, kika ware murya: "Masu goyo da ƙanana, ku zaga baya! Ba tikiti!" Taron ya dare biyu. A sabuwar ƙofar na sami yarinyata, takalmi ƙafa ɗaya, tana ta shessheƙa.

Bana Inna Falmata ta ajiye aiki, ƙafa ta ƙi. Mai idon gani, mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna. Ku masu tara jama'a, ku riƙa taka ƙafa kuna duba mutane kamar yadda ta yi. Ni dai duk Sallah sai na kai mata gaisuwa, kuma ba na zuwa ni kaɗai: Umaima ce ke riƙe kwanon naman.