Kwalbar Yaya da Ledar Sobiya

Yayana mutum ne mai son ci gaba, har a abin da yake sha. Yana ɗan sakandare burkutu yake sha a bayan kasuwar garinmu, cikin ƙwarya, tare da masu faskare. Da ya gama karatun injiniya ya samu aiki a ma'aikatar ruwa, sai ya gano burkutu ta jahilai ce, ya koma giyar kwalba mai sanyi. Da aka ƙara masa girma ya fara sa hannu a takardun kwangila, giyar kwalba ma ta zama ta ƙananan ma'aikata, sai wiski a ɗan kofin gilashi da ƙanƙara. Daga baya abubuwa suka taɓarɓare, kujerar ta tafi, ya sauko kan ogogoro, barasar nan da ake dafawa a gida, yana ce wa abokansa wai kishin kayan gida ne. Duk wadda ya bari sai ya riƙa zaginta kamar bai taɓa saninta ba.

Hantarsa ce kaɗai ba ta bi shi wannan ci gaban ba. A farkon shekarun 1990 likita ya zaunar da shi ya ce masa in ya sake sha, to, a fara neman likkafani.

Ni ne auta, kuma a lokacin ina aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Madina. Inna, mahaifiyarmu, ta tara dangi, aka yi shawara ba da ni ba, aka yanke cewa maganin Yaya shi ne a turo mini shi. Hujjarsu mai sauƙi ce: a Madina babu giya. Na yi ta faɗi tashi har wani kamfanin gine-gine ya ɗauke shi, ya zo ya tare a ɗakin baƙinmu a unguwar Jurf. Ya rame ƙwarai, hannunsa na rawa in ya ɗauki kofin shayi. Na ji tausayinsa, na kuma ji tsoro, don ban san yadda ƙane ke tsaron wansa ba.

Abin mamaki, ya daure. Abin da ya taimake shi kuwa a firjin baƙalar unguwarmu yake, wato ɗan kantin da muke sayen burodi. Wani lemon sha'ir ne a kwalba mai dogon wuya, Larabawa na ce masa bira, yara ma suna sha da rana tsaka. Babu abin maye a ciki ko ɗigo. Yaya zai dawo daga aiki, ya zauna a ƙofar gida, ya fasa ɗaya, ya kalli kumfar tana tasowa, ya kurɓa a hankali yana ɓata fuska.

Wata rana ya ce mini, "Auta, wannan abin ƙarya ce tsagwaronta. Amma hannuna ya yarda da ita, bakina ma ya yarda. To ka ƙyale su."

Na ƙyale su. Shekaru suka wuce a haka. Ya yi ƙiba, rawar hannun ta tafi, har ya fara zuwa sallar asuba a Harami ba tare da an tashe shi ba.

Sai dai mu 'yan Najeriya na Madina muna da dattijo. Malamin jami'a ne, ya riga kowa zuwa, yana zaune a unguwar Aƙiƙ, kuma ya ɗora wa kansa tsare mutuncinmu ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Wata la'asar ya biyo ta layinmu a mota, ya ga Yaya a ƙofar gida da kwalba a hannu. Bayan sallar Juma'a sai ga shi a falona da mutum biyu a bayansa, likita da injiniya, kowa ya sha kunu kamar an zo gaisuwar mutuwa.

Ya dubi Yaya ya ce, "Ya akhi, wannan aib ne, abin kunya. A birnin Manzo? Mutum mai tarihi irin naka, ka zauna a titi da kwalba? Gobe a ce 'yan Najeriya ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, aikina ne, na duba. Ruwa ne da sha'ir da sukari."

"Ba abin da ke ciki nake magana ba, yaro. Siffa nake magana. Khalas, magana ta ƙare, a bar ta."

Yaya ya ajiye kwalbar daga ranar. Mutumin da ya sha kunya shekara da shekaru ba ya iya musu da masu fararen kaya. Da zai tafi, dattijon ya nuna shi ba mugu ba ne. Ya ce azumi ya kusa, zai koya wa Yaya abin sha na mutanen kirki, wanda 'yan Madina suka gada kaka da kakanni.

Sobiya ke nan. Da sha'ir ake yinta ita ma, da sukari da kayan ƙamshi, a ɗaura a leda, a sha da sanyi lokacin buɗa baki. Ledarta ba ta kama da komai sai ledar kunu, saboda haka ta halatta. Dattijon da kansa yake aiko ta kullum da yamma. Bayan ƙaramar salla ya kwatanta wa Yaya wani shago wajen unguwar Ranuna da ke sayar da ita duk shekara. Aka riƙa ba da labarin a wajen ɗaurin aure da suna, yadda aka raba bawan Allah da kwalba cikin hikima.

Abin da kowane ɗan Madina ya sani, mu masu digiri ba mu tsaya mun tambaya ba, shi ne sobiya ba ta jira. In ta kwana biyu a zafi sai ta tashi ta zama wani abu dabam. Yaya kuwa tun yana yaro ya san warin tukunyar burkutun da ta tashi. Ban san ranar da ya manta da leda ɗaya a mota ba, ban kuma san me ya ji da ya kwance ta ba. Na dai san ya koma halinsa na son ci gaba. Ya ce farar sobiya ta yara ce, ya koma ja. Bayan wani lokaci ja ma ta zama ta masu ɗanɗano mara zurfi, sai mai zabibi. Mu kuma muna ta yaba masa, ya zama ɗan gari.

Matata ce ta hau saman bene shanya, ta tarar da ledoji jere a bayan tankin ruwa, sun kumbura sun yi tam a rana. Ta sauko ta kira ni gefe. A ranar na tsaya na dubi idon Yaya da kyau, na ga ya yi rawaya. Raina ya ɓaci, kuma har yau ban huce ba.

Ya yi jinya a asibitin da nake aiki. Cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa ma haka, likitoci suka daina yi mini dogon bayani. Dattijon ya zo dubiya da dabino, ya yi doguwar addu'a, ya ce jarrabawa ce ta masu daraja. Da ya fita Yaya ya yafito ni.

"Auta, in Inna ta tambaya, ka ce ciwon suga ne. Ta yi ta gaya wa mutane na warke. Kada ka karɓe mata wannan."

Da ya rasu na buga mata waya na faɗa mata yadda ya ce. Ta yi kuka, ta yi hamdala, ba ta tambaye ni komai ba. Ta yi shekaru bayansa, kuma har ta koma ga Allah jikokinta ba su shan shayi da sukari a gidanta. In yaro ya miƙa hannu sai ta janye gwangwanin ta ce, "Bari, ɗan nan. Wannan ne ya cinye mini babban ɗana."