Babin Da Na Ƙara Wa Littafin Wata

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni sabuwar ma'aikaciyar lafiya ce, 'yar Tambuwal, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a yankin Kebbe. Ban yi aure ba, ban san kowa a garin ba, kuma in ka cire awon jini da ba da magani, babu abin da na iya kamar karatun littattafan Hausa. Tun ina makaranta nake ɓoye su cikin littafin lissafi. Da waya ta zo sai na koma wa waɗanda marubuta ke saki babi-babi. A can kuwa babu sabis sai ka hau tudu, don haka duk Juma'a in na je gida nakan kwashe babobin makon in dawo da su.

Wani babban gida aka sauke ni. Bayan la'asar matan gidan kan zauna ɓarar gyaɗa, ni kuma ina gefe ina ta dariya ni kaɗai da waya. Da suka gaji suka ce in riƙa karantawa da ƙarfi kowa ya ji. Kafin wata guda har maƙwabta sun fara shigowa. Gaskiya littattafan sun daɗe da gajiyar da ni, sabo ne kawai ya riƙe ni. Kowane saurayi yana da gida a Abuja, kowace budurwa fara ce mai dogon gashi, a ƙare babi guda cur ana lissafin turaruka da kayan ɗaki. Akwai marubutan da ke taɓa zuciya, ban musa ba, amma sai ka sha wuya kafin ka same su. Matan ma sun lura. Uwar gidan takan tsayar da ni ta tambaya ko mutanen nan ba sa noma ne, wa ke ɗebo musu ruwa, kuma yaushe yarinyar take daka. A yi dariya, a ce in ci gaba.

Cikin masu zuwa akwai wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, mijinta ya rasu, kowa Inna yake ce mata. Takan zo da 'yar kujerarta ta zauna daga baya. Tana fama da hawan jini, duk Talata tana zuwa wurina awo. Wata Talata na ga jinin ya hau ƙwarai, na matsa mata da tambayar abin da ke damunta. Ta tashi ta tura ƙofa, sannan ta gaya mini. Ɗanta guda ɗaya tilo, wanda duk gari aka sani yana kasuwanci a Kudu, yana gidan yari, kan wani faɗa da aka yi a tasha aka ji wa mutum rauni. Ƙulin da take cika gwangwanin madara da shi, ta naɗe da tsohon zane, ta ba wani direba ɗan Dogon Daji a matsayin sautun ɗan kasuwa, can yake zuwa. Ta ce ko 'yan'uwanta ba su sani ba. Ba ta sa ni rantsuwa ba. Cewa ta yi ta ga farin kaya a jikina, ta san bakina a rufe yake.

Ana cikin haka marubuciyar littafin da muke bi ta daina rubutu, daidai inda labari ya yi daɗi. Masu karatun waya sun san wannan halin: a bar ka a rataye, ba sallama ba ban haƙuri. Na je Tambuwal na dawo hannu rabbana, na sake zuwa, shiru. Matan kuwa tun daga zaure suke tare ni. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin zama wadda ake jira, a garin da babu nawa ko ɗaya. Sai na riƙe waya kamar ina karantawa, na shiga ƙirƙira daga kaina. Kwana biyu ina kwaikwayon gidajen Abuja, na ga ana hamma. A rana ta uku na tuna ƙorafinsu, na ce bari in kawo musu mutum irin nasu. Na shigo da wata uwa 'yar ƙauye mai ɓoye cewa ɗanta yana kurkuku. Na sauya mata gari, na sauya laifin, na ce wa kaina ai na ɓad da sawu. Amma gwangwanin nan da tsohon zanen sun yi mini kyau a labari, na kasa barin su.

Hannuwa suka tsaya cikin gyaɗa. Ni sakarya, na ɗauka gwanintata ce, har na ƙara murya. Sai wata matashiya ta yi dariya ta ce wannan ai kamar gwangwanin Inna. Wata ta zungure ta. A nan na ɗaga kai. Inna tana wurinta na kullum. Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki kujerarta, ta ce ta bar tukunya bisa wuta, ta fita.

Ba a yi mako ba magana ta zagaye gari. Aka tsare direban da tambaya har ya faɗa. Babu wanda ya zage ta, sai ma jaje da aka riƙa shiga yi mata, wanda na san ya fi mata zagi ciwo. Talata ta zo, Inna ba ta zo ba. Wata Talatar ma haka. Katinta yana cikin durowata, kullum sai na ci karo da shi. Na aika mata da magani ta hannun uwar gidanmu, ya dawo yadda na ƙulle shi. Na je da kaina sau biyu aka ce ta kwanta. Na roƙi wani abokin aikina ya riƙa duba ta, ta ce masa ta warke. Matan gidan suka yi ta neman in ci gaba da karatu, na ce marubuciyar ta daina. Wannan karon dai gaskiya na faɗa.

Bayan watanni aka mayar da ni Tambuwal. Ranar tafiya na shiga gidanta ba tare da na jira izini ba. Na same ta tana murza ƙuli, ta rame, idanunta sun faɗa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi iyayena ɗaya bayan ɗaya. Na fara kuka ina cewa babu wata marubuciya, ni ce, ta yi kamar ba ta ji ba. Sai ta tambaye ni ko a littafin nan yaron ya fito. Na ce ba a gama ba tukuna. Ta ci gaba da murza ƙulinta, can ta ce: “To ɗiyata, in kin gamu da mai littafin, ki ce mata ta bari shi komo gida.”

Bara aka aiko mini Inna ta rasu. Ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye, kwana kaɗan ta yi. Ɗan bai riga ya fito ba. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, na kuma yi imani da haka. Amma aikina ke nan, na san abin da barin magani yake yi.

Ina roƙon marubuta da masu ba da labari, da duk wanda aikinsa ya sa ake tura ƙofa a gaya masa magana: mun daɗe muna kukan a rubuta rayuwar talaka ta gaskiya, to ku sani rayuwar nan tana da mai ita, kuma wataƙila yana zaune cikin masu saurare. Sauya suna da gari ba ya rufe wa kowa asiri a inda aka san shi da gwangwaninsa. In ba a ba ka izini ba, ka bar shi, komai daɗinsa.

Marubuciyar can ta dawo daga baya ta ƙarasa littafinta, an ce da biki a Dubai aka rufe. Ban karanta ba. Ku sa Inna a addu'a. Abu guda ta taɓa roƙona a duniya, kuma har yau ban san yadda zan dawo mata da yaron gida ba.